Tabon danshi a bangon cimni: a cike da siminti ne ko a rushe?

"Assalamu alaikum Yayanmu magini. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchesta, bara Allah ya hore mana muka sayi gida irin jerin gidajen nan na jan bulo masu haɗe da juna, a takarda an ce wajen 1900 aka gina shi. Matsalar ita ce a ɗakin yara na sama, bangon nan da ya ɗan turo cikin ɗaki inda cimni, wato hanyar hayaƙin murhu, ya bi, akwai wani tabo ruwan ƙasa da yake fitowa. Sau biyu muna fenti yana dawowa, yanzu har filastar ta fara kumbura. Wanda ya sayar mana da gidan ya toshe murhun ɗakin ya shafe wajen. Na kira mutum biyu, ɗaya ya ce a hau a cike tsakanin bulon da siminti a rufe bakin gaba ɗaya, ɗayan ya ce a rushe shi kawai a huta. Shi kuma maigida so yake a buɗe murhun falo a riƙa ƙona itace saboda kuɗin gas ya ishe mu. Dan Allah wanne za mu yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya sa ku ci moriyar gidan nan lafiya ke da maigida da yaran. Tambayarki in na fahimta uku ce a dunƙule, me yake kawo tabon, waye mai gaskiya cikin masu aikin nan biyu, sannan ko murhun falo zai kunnu. To bari in fara da wadda ta fi gaggawa: kar ki ba kowa aiki tukuna, kuma kar ki sake sayen fenti. Cikin su biyun nan akwai wanda ya hau rufin ko ya leƙa saman silin da tocila? In babu, to duka biyun magani suka rubuta miki ba su duba mara lafiyar ba, ke da kike aikin asibiti kin fi ni sanin yadda hakan yake ƙarewa.

Ni a Zariya na koyi gini wajen kawuna, ginin ƙasa da na bulo, kuma da na zo ƙasar nan na fara hawa rufin tsofaffin gidaje abin da cimni ya fara tuna min shi ne zanko. Shi kaɗai yake tsaye a sama, ruwa ya doke shi ta kowane gefe, iska ta kaɗa shi, kuma shi ne abin da mai gida ba ya taɓa kallo sai ranar da ya zubo. Bambancin kawai a gida kowace shekara kafin damina ana hawa a yi yaɓe, a nan kuwa sai cimni ya yi shekara talatin ba wanda ya ce masa sannu.

Yadda abin yake a ciki

Bangon da kika ce ya turo cikin ɗaki ba bango ne cikakke ba, cikinsa rami ne. Kowane murhu a gidan yana da nasa ramin daban da yake hawa har sama, suna tafiya gefe da gefe, abin da ya raba su bulo ɗaya ne siriri. Ki fita ki tsallaka titi ki ƙirga tukwanen da ke kan cimnin, wato gajerun bututun nan da hayaƙi ke fita ta bakinsu, kowace tukunya murhu ɗaya ce. A irin jerin gidajenku yawanci cimnin a kan bangon tsakiya yake zaune, rabin tukwanen naku rabi na maƙwabci. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Gidan 1900 ba a sa masa bututu a cikin ramin ba. Sai da dokar gini ta 1965 ta zo aka wajabta laina, wato wannan bututun, a sababbin cimni. Kafin nan yaɓe kawai suke yi wa cikin ramin da kwaɓin laim, wato farar ƙasar gini, kuma wallahi har da kashin shanu suke haɗawa don ya yi danƙo ya jure zafi, ranar da wani tsohon Bature da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya gaya min haka dariya na yi ta yi, na ce ashe dai duk kanwar ja ce. Wannan yaɓen bayan shekara ɗari da ashirin ya gaji, yana zubowa ƙasa kamar yashi, kuma in an toshe murhu duk abin da ya zubo can yake taruwa bayan allon da aka toshe da shi, da kunkunniya da ƙiraren tsuntsaye, ya zama kamar soso yana riƙe ruwa a jikin bangon ɗakin yaranki.

Daga ina ruwan yake

Hanya uku ce, kuma sau da yawa a gida ɗaya sai ka tarar biyu ko duka ukun sun haɗu, shi ya sa mutum zai gyara ɗaya tabo ya dawo ya ce an cuce shi.

Ta farko ruwan sama ne kai tsaye, kuma kin san Manchesta ba a roƙon ruwa. Saman cimnin akwai kwaɓi da aka yi masa gangare ya riƙe gindin tukwane, shi ne yake fara tsagewa. Ruwa ya shiga tsagar, dare ya yi sanyi ya daskare, ruwa kuma in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ya buɗa tsagar, gobe wani ruwan ya ƙara shiga, haka haka har ki ga ciyawa ko ɗan bishiya ta tsiro a kai. In kin hango tsiro a kan cimni to ba sai an gaya miki ba. Sannan tukunya mara hula bakinta a buɗe yake, ruwa na zuba ciki kamar an ajiye bokiti. Da can da ake hura wuta kullum zafin yana busar da shi, yanzu babu wuta, ruwan yana nan. Sai kuma dalmar da ake naɗewa a gindin cimni inda ya haɗu da rufi, wadda suke ce wa filashin. Ta gaba da ta gefe ana hangowa daga ƙasa, amma wadda ta fi ba da wahala ita ce ta baya, wani ɗan indararo ne ɓoye a bayan cimnin da ganye da gansakuka suke cikewa, ruwa ya taru ya tsallake. Wasu gidajen ma ba dalma, siminti kawai aka lafta a kusurwar, wasu kuma an manna wani baƙin tef mai gam ko an tsiyaya silikon, wannan duk aikin a-kai-kasuwa ne na mai son sayar da gida.

Ta biyu ita ce wadda nake zargi a gidanki tun da kika ce an toshe murhu an shafe. Ki duba wajen, akwai ɗan murfi mai huji-huji a ƙasa kusa da daɓe? In babu, to an shaƙe ramin. Iskar cikin gida mai ɗumi da tururi tana ratsa bulo ta shiga ramin, ta haɗu da sanyin da ke saukowa daga sama, ta koma ruwa, kamar yadda robar ruwan sanyi take gumi. Kuma mu faɗi gaskiya, gidajenmu sun fi na Turawa tururi. Ana tuƙa tuwo, miya na kan wuta awa biyu, an shanya kayan yara a kan hita, taga kuma a rufe ruf tun Oktoba saboda ba ma shiri da sanyi. To kin ga mai cewa a rufe bakin sama gaba ɗaya, gyaran gangar Abzinawa zai yi miki, an toshe ƙasa ya zo ya toshe sama. Cimnin da ba a amfani da shi hula yake so mai hana ruwa da tsuntsu shiga amma iska na wucewa, da kuma ƙofar iska a ƙasa, iska ta shiga nan ta fita can.

Ta ukun ita ce mutane ba su sani ba, har da wasu masu aikin. Gidan nan ya yi shekaru da dama ana ƙona kwal a cikinsa safe da yamma, tun kafin dokar tsaftace iska ta 1956 wadda aka yi bayan baƙin hazon da ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952. Hayaƙin kwal yana barin wani irin gishiri da kwalta a jikin bulo, kuma da zarar ruwa ya taɓa jiƙa wajen sau ɗaya sai ya kwaso su ya kawo su fuskar filasta. Kin san yadda gishirin kicin yake jiƙewa da kansa a watan Agusta a gida ko ba wanda ya zuba masa ruwa? Haka wannan yake yi, daga iskar ɗakin yake jan danshi. Shi ya sa tabon yake ruwan ƙasa, shi ya sa kuma yake cin fenti. Ko an gyara sama tsaf ba ɗigo ɗaya da ke shiga, muddin filastar nan mai gishiri tana nan tabon zai riƙa zuwa yana tafiya. Kuma ɗan injin nan mai allura biyu da masu aiki suke caka wa bango ya yi ƙara su ce kin ji ko, gishiri ma yana sa shi ƙara ko da bangon a bushe yake, don haka kar ƙararsa ta tsorata ki.

Ga abin da za ki yi da kanki ba ko sisi. Ki ɗauki fensir ki zagaye bakin tabon, ki rubuta kwanan wata. Sati uku ki riƙa dubawa. In yana faɗaɗa kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai iska, daga sama ne. In yana yin duhu ranar da ba a yi ruwa ba amma an yi girki mai yawa ko an shanya kaya, gishiri ne ko gumin rami. Sannan ranar da ake tsuga ruwa maigida ya hau saman silin da tocila, ya taka kan katako kawai ba kan silin ba, ya haska inda cimnin ya huda rufi, ya shafa bulon da katakon da ke gefensa. In ya ga ruwa na gangarowa a jikin bulon ta waje, dalma ce. In waje a bushe amma bulon ya jiƙe ya yi baƙi, daga cikin ramin ne. Kar ya hau kan rufin, dan Allah, silet, wato fallayen dutsen da aka yi rufin da su, in ya jiƙe ya fi sabulu santsi. Zum ɗin waya daga tsallaken titi ko ta tagar maƙwabcin da ke fuskantarku ya isa.

Maganar siminti

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne ake ɓata tsofaffin gidaje da kyakkyawar niyya. Siminti a nan ƙasar aka ƙirƙiro shi, wani magini ɗan Lids mai suna Joseph Aspdin ya yi masa rajista a 1824, amma gidajen talakawa irin naku har farkon ƙarni na ashirin da laim da yashi ake gina su, wani lokaci har da toka a ciki. Laim taushi gare shi, yana shan ruwa yana kuma sakinsa. Dabarar ginin ita ce kwaɓin da ke tsakanin bulo ya fi bulon taushi, ruwa in ya shiga ta nan yake fita, kuma in wani abu zai ci, kwaɓin ne zai ci ba bulon ba. Kwaɓi kuwa ana ƙwaƙulewa a sake, bulon 1900 in ya tafi ya tafi.

Kin taɓa ganin gidan ƙasa da aka yi wa filastar siminti a gida? Shekarar farko gwanin kyau, kowa na cewa Alhaji ya yi gyara. Bayan damina uku huɗu sai ki ƙwanƙwasa ki ji yana ƙara kamar ƙwarya, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita ya narkar da ƙasar, wata rana simintin ya ɓallo falle guda ya bar bangon a rame. Abin da siminti mai ƙarfi yake yi wa tsohon jan bulo ke nan. Ruwa ya rasa hanya ta tsakani sai ya bi ta cikin bulon, sanyi ya daskarar da shi, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. Ki lura a unguwarku za ki ga cimnin da layin siminti ya fito zara-zara kamar haƙarƙari, bulon kuma ya lotsa ciki.

Ni kaina na yi wannan ɓarnar. Farkon zuwana, ina ganin ai ni na iya kwaɓi, na cike wani cimni da siminti ɗaya yashi uku, na goge shi sumul, mai gida ya yaba har ya ƙara min na shayi. Bayan wasu shekaru aiki ya sake kai ni layin, na ɗaga kai na ga aikina yana nan daram ko tsaga babu, amma bulo kusan goma a gefen da ruwa ke duka fuskarsu ta zube, jan gari a kan silet kamar an barbaɗa yaji. Ban ce wa kowa komai ba, amma tun daga ranar ban sake ba.

Yadda ake yi daidai, a ƙwaƙule tsohon kwaɓin zurfin kamar ninki biyu na faɗin layin, wajen milimita 20 zuwa 25, har a tarar da mai ƙwari. Da hannu ya fi, giranda in ta shiga hannun mai gaggawa tana yanke bakin bulo. A share ƙura, a jiƙa, sannan a cusa kwaɓin laim a danna shi sosai, ba a shafa a baki kamar man shanu a burodi ba. Ni a cimni laim mai lamba NHL 3.5 nake amfani da shi, ɗaya da yashi mai kaifi biyu da rabi zuwa uku, a gangaren saman kuma inda ruwa ya fi duka nakan sa wanda ya fi shi ƙarfi. Akwai maginan kirki da suke sa ɗan siminti kaɗan a cikin laim a saman cimni, ba zan yi faɗa da su ba, amma siminti zalla a tsohon bulo, a'a. Laim ba ya son sanyi, in ya sauka ƙasa da digiri 5 ba a aikin, kuma bayan an gama sai an lulluɓe shi da buhu na wasu kwanaki. Saboda haka aikin nan na tsakanin Afrilu da Satumba ne. Wanda ya ce miki zai yi a Janairu cikin yini ɗaya, kin san abin da ke cikin bokitinsa.

Dalma ita ma da ƙa'idarta. Mai kauri lamba 4 a gaba da gefe, bayan kuma an fi son lamba 5. Ba a sa falle ɗaya da ya wuce mita ɗaya da rabi saboda tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi, in ta yi tsawo sai ta yage. Bakinta kuma cikin layin bulo ake cusa shi kamar milimita 25 a danne, ba a manna shi a fuska ba.

Shi kuma mai cewa a rushe

Wani lokaci shi ne gaskiya. Gishirin kwal ɗin nan yana sa kwaɓi ya kumbura, kuma gefen da ya fi jiƙa ya fi kumbura, sai cimni ya riƙa sunkuyawa a hankali yana ba iskar ruwa baya. In ya karkata har ido na gani, ko an hau an ga bulo na motsi a hannu, to ciko ba zai yi ba, sai an sauke shi zuwa inda yake da ƙwari a sake ɗorawa, da bulonsa na asali in sun yi. Akwai ma ƙa'ida a littafin dokar gini cewa tsawon cimni daga rufi kar ya wuce faɗinsa mafi ƙanƙanta sau huɗu da rabi. Wani abin da yake karya su kuma shi ne eriyar talabijin da aka ɗaure da waya a jiki, iska na kaɗa ta tana girgiza shi shekara da shekaru, in ba kwa amfani da ita a cire.

Amma a rushe a huta ɗin nan ba hutu ba ne yadda ya faɗa. Na ce ki riƙe maganar maƙwabci. In cimnin na tsakiya ne, rabi ba naku ba ne, kuma akwai dokar bangon tsakiya ta 1996 da ta ce sai an ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata biyu kafin irin wannan aikin. Wataƙila ma shi yana amfani da nasa ramin, murhun gas ko na itace. In unguwarku tana cikin wuraren da kansul, wato ƙaramar hukuma, ta killace don tarihi, mai yiwuwa sai an nemi izini kafin a taɓa kamannin rufin. Sannan ko an sauke na sama an rufe da silet, gishirin da ke bangon ɗakin yara yana nan inda yake, kin kashe kuɗi tabo bai tafi ba. Kuma maigida da yake son murhu, in an rushe ta ina hayaƙin zai fita?

Wani abu da nake so ku duba tun da gidan ya bi hannaye da yawa. Ki bi bangon nan mai turowa daga ƙasa har sama, a falo, a kicin, a ɗakunan sama, a saman silin. In akwai shi a sama amma a ɗakin da ke ƙarƙashinsa bango ya miƙe sumul, to wani ya cire na ƙasan don ɗaki ya ƙara faɗi, kuma tambayar ita ce me yake riƙe da nauyin bulon da ya rage a sama. Ya kamata a ce akwai ƙarfe da takardar amincewar masu duba gini na kansul. Na taɓa shiga wani saman silin na tarar da tulin bulo zaune a kan katako biyu da wata tsohuwar ƙofa, ƙarƙashinsa kuma gadon yara ne. In kin ga alamar haka wannan ya wuce ni, injiniyan gini za ki kira, kuma shi ne farko kafin maganar tabo.

Murhun maigida

Ki gaya masa na ce kar ya kunna ko takarda a ciki tukuna. Da farko mai sharar cimni zai zo ya share, ya zura kyamara, ya yi gwajin hayaƙi, wato ya kunna wani ɗan ƙwaya mai hayaƙi a murhun a toshe sama a ga ko zai ɓullo ta wani waje. A gidan 1900 sau da yawa yana ɓullowa, ta saman silin, ta ɗakin sama, har ta gidan maƙwabci, saboda siririn bulon da ya raba ramukan ya zube. Ramin falo ta jikin bangon ɗakin sama yake wucewa, ki tuna da wannan. Iskar da ke kashe mutane in an kwana da janareta a cikin gida ko an shiga ɗaki da garwashi lokacin hunturu, ita ce dai take cikin wannan hayaƙin, ba wari ba launi. Shi ya sa kusan kullum sai an zura laina ta ƙarfe mara tsatsa daga sama har ƙasa, kuma a sa ƙararrawar da ke jin iskar a ɗakin. Wanda zai haɗa murhun ya zama mai rajista da HETAS, ƙungiyar da ke tantance masu haɗa irin wannan murhun, ko kuma a sanar da masu duba gini na kansul su zo su gani, ki karɓi takarda ki adana don inshora da ranar sayar da gida. In kuma an buɗe an tarar da tsohon bututun gas a wajen, ni ba na taɓa gas, sai mai katin Gas Safe, wato mai izinin aikin gas.

Sau da yawa abin da ake fara tararwa sheƙa ce. Akwai wani ɗan ƙaramin hankaka da suke kira jakdo, shi ba ya da aiki sai jefa ƙirare cikin cimni har sai sun tokare, na ga inda aka cika buhun shara bakwai daga rami ɗaya. In da ƙwai ko 'ya'ya a ciki doka ta 1981 ta hana a taɓa, sai an jira sun tashi, wajen ƙarshen Agusta.

Sai maganar itacen. Ku duba shafin kansul da lambar gidanku, yawancin unguwannin cikin birni yankin hana hayaƙi ne, a nan ba a ƙona itace a buɗaɗɗen murhu, sai a rufaffen murhun ƙarfe irin wanda gwamnati ta amince da shi. Itacen kuma busasshe, danshinsa kar ya wuce kashi 20 cikin ɗari, tun Mayun 2021 ma an hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan buhuna. Ɗanyen itace da katakon da aka yi wa fenti ko guntayen kujeru da ake tsinta su ne suke shafa kwalta a cikin rami, ita ce kuma take kamawa da wuta. Shara aƙalla sau ɗaya a shekara, mai ƙona itace sosai sau biyu. Ra'ayina, in don rage kuɗin gas ne kawai, ku zauna da biro ku haɗa kuɗin murhu da laina da aiki da itacen saye a cikin gari da shara duk shekara, ina jin maigida zai ɗan yi shiru. Buɗaɗɗen murhu kuwa mafi yawan zafinsa sama yake tafiya, tsuntsaye yake ɗumamawa. In kuma don daɗin zama gaban wuta ne da dare, wannan ba ni da ta cewa, ni ma ina da shi.

To yanzu a jere. Sati ukun fensir da hawa saman silin. Sannan mai shara ya buɗe ɗan rami a inda aka toshe murhun ɗakin yara ya kwashe tarkacen da ke baya, a sa ƙofar iska a wajen, wannan aikin ba tsada kuma wani lokaci shi kaɗai yake rage rabin matsalar. Na sama kuma in lokacin ɗumi ya zo a kafa sikafol, wato ƙarafan da ake haɗawa magina su tsaya a kai, kar ki yarda da mai cewa zai yi daga kan tsani don ya rage miki kuɗi, mutum ba ya aikin kirki da hannu ɗaya yana riƙe da ransa da ɗayan. Sau da yawa kuɗin sikafol ya kai na aikin ko ya fi, don haka in an kafa a yi komai lokaci ɗaya, gangaren sama, ciko, dalma, huluna, eriya, da laina in kun yanke shawarar murhu. Ku ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa, cimnin nasa ne shi ma, da yawa suna yarda a raba kuɗin. Ki sa mai aikin ya rubuta miki irin kwaɓin da zai yi amfani da shi, ya ɗauki hoto kafin da bayan aiki ta kowane gefe har da bayan da ba a gani, kuma kar ki biya duka sai kin ga hotunan.

Ɗakin yara shi ne ƙarshe. A sassaƙe filastar da ta yi tabo har a wuce bakinsa da kamar taku ɗaya, a bar bulon a buɗe ya sha iska. Tsofaffin magina suna lissafin wata ɗaya ga kowane inci na kaurin bango, don haka ki sa rai da wata huɗu zuwa biyar ko fiye, ki jingina kabad nesa da wajen. In ya bushe kar a manna allon filasta kai tsaye a jikin bulon da gam ɗin nan da ake ɗiga wa guda-guda, gishirin zai biyo ta cikinsa ki ga tabo zagaye-zagaye kamar an ɗora kofuna. A fara sa ledar nan mai ƙuraje da ake bugawa a bango, ko a buga siraran katako a bar ɗan fili, sannan allo, sannan fenti.

Ban ga gidan ba, duk abin da na faɗa daga bayaninki ne da irin gidajen da na saba hawa. In kin samu dama ki turo hoton cimnin ta gaba da ta baya, da na tabon da zanen fensir ɗin a jiki, da wanda maigida zai ɗauka a saman silin ranar ruwa, sai in gaya miki ko sikafol ɗin na bana ne ko zai iya jira baɗi. Ki gaida maigida da yaran.